Shawara Ga Manoma: In Kuɓewa Da Kabewa Sun Yi Yawa

Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis a ƙarshen watan Agusta ko cikin Satumba, in ya baro kara inda a ke cinikin shanu da raƙuma ya zaga wajen 'yan gwari, zai ga wani abu da ke aukuwa ko wace shekara ba fashi. Da hantsi kuɓewa tana da ɗan kuɗi. Kafin azahar amalanke da motoci sun sauke tasu daga ƙauyukan Sule Tankarkar, da na Gagarawa, da na Gumel, har kashi ya ninka girmansa kuɗinsa bai ƙaru ba. Da la'asar kuwa mai kaya shi ke bin mai saye yana lallashi. Wanda ya tashi tun asuba da buhu biyu, ya biya kuɗin mota, ya biya 'yan dako, ya biya la'ada, in ya zauna ya ƙidaya abin da ya rage a aljihu, wani sa'i bai isa kuɗin komawa gida da ɗan cefane ba. Ba shi kuwa da ikon ya ce ya fasa, gama kuɓewar da aka ɗebe jiya, ta kwana a buhu, ta yini a rana, ba ta kai wata Alhamis.

In an tambayi manomin nan sai ya ce dillalai ne suka haɗa baki. Akwai gaskiya cikin maganarsa, don dillali ba ya ƙin araha, ya kuma san wanda ke riƙe da ɗanyen kaya ba shi da ƙarfin ciniki. Amma ko da za a kori dillalai duka daga kasuwa, kuɓewa sai ta faɗi a watan nan. Dalili kuwa a fili ya ke. Damina a ƙasar Gumel gajera ce, ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, sabo da haka ruwan da ya sa mutumin Maigatari shuka shi ne ya sa na Gagarawa. Kowa ya shuka a mako ɗaya, kowa zai ɗiba a mako ɗaya. Masu saye kuma a lokacin nan ba su matsu ba, don kusan ko wane gida akwai 'yan gindi a bayan ɗaki ko a gefen gonar gero.

Ita kuma kuɓewa ba ta jiran kowa. Ta kan fara 'ya'ya kamar wata biyu bayan shuka, kuma daga ranar da fure ya buɗe zuwa ranar da ɗan ya isa ɗiba kwana 4 ne zuwa 6. In an ƙara 'yan kwanaki sai ya ƙosa, ya yi itace, wuƙa ma da ƙyar ta ke shigarsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, in an bar 'ya'ya suka ƙosa a jikin uwa, uwar ta kan rage fure, don ta riga ta yi irin da ta ke nema. Tilas ke nan a ɗiba ko wane kwana biyu ko uku, ko akwai mai saye ko babu. Kasuwa kuwa sau ɗaya ta ke ci a mako. Ba a nan kaɗai a ke wannan fama ba. A Ingila ma masu ɗan lambu a bayan gida suna da wata 'yar kabewa doguwa wadda a ke ɗiba tana ɗanya shakaf, in lokacinta ya zo ta kan yi musu yawa har su rasa maƙwabcin da za su ba. Sai dai su ba su da rana irin ta Maigatari.

To, ga maganar da ya kamata manomi ya riƙe. Kuɓewar nan da a ke zubarwa a Satumba ita ce za a nema ido rufe a bazara. Daga Maris zuwa Yuni, sa'ad da babu ɗanya sai ɗan abin da ya fito daga fadama, gidaje nawa ne ke cin tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa? Mai karatu ya tambayi uwargida nawa ta ke sayen gwangwani ɗaya a watan Mayu, sa'an nan ya gwada da abin da aka ba shi a bakin buhu a Satumba. Ban da haka, kashi 9 cikin 10 na nauyin ɗanyar kuɓewa ruwa ne. Watau wanda ya ɗora buhu a mota ruwa ya biya wa kuɗin mota, ruwan nan ne kuma ke ruɓar da ita. In an fitar da shi, abin da ya rage ba nauyi, ba ya ruɓa, ba ya sa mai shi gaggawa.

Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan, don ga soɓorodo. Da a ce ɗanye a ke sayar da shi, da ko Kano ba zai kai da kyau ba. Amma da ya ke a kan ɓare shi a shanya, ga shi a kan tara shi buhu-buhu a Maigatari, a tsabtace, a ɗora a manyan motoci zuwa bakin teku, har ya kai Meksiko inda su ke yin abin sha da shi. Ba wani inji ya ba shi wannan daraja ba, rana ce da tabarma. Abin mamaki, manomin da ba zai taɓa yarda ya kai ɗanyen soɓorodo kasuwa ba, shi ne zai kwashi kuɓewarsa duka ya kai ɗanya, ya ce wai shanya aikin mata ne.

Waɗansu su kan ce maganin abin shi ne a gina masana'anta. Tun shekarar 2000 aka keɓe fili a Maigatari domin masana'antu da masu fitar da kaya waje ba tare da biyan kuɗin fito ba, kuma ba wanda zai ƙi ya ga filin nan ya cika da injuna. Amma a duba abin da ya faru a Kadawa ta jihar Kano. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote, wadda aka ce tana iya niƙa tan 1,200 a rana. A shekarar nan tsutsar tumatir ta cinye gonaki, masana'anta ta tsaya, ba ta sake tashi ba sai 2019. In mai ƙarfi irin wannan ya sha wuya da tumatir, wanda duniya duka ke nemansa a gwangwani, yaushe za a gina wa kuɓewa tata? Inji yana son kaya iri ɗaya, da yawa, wata bayan wata. Manomin da ke da kunya goma a gefen gero ba shi a ke gina wa inji ba.

Haka nan kada a dogara ga masu saye daga tsallaken iyaka. Gaskiya ne mutanen Dungas da Magarya da Damagaram su ne rabin armashin kasuwar Maigatari. Amma an rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duka biyu kuwa a tsakiyar damina rufewar ta zo. Mai busasshen kaya ya iya ɗaure bakin buhunsa ya jira. Mai ɗanye fa?

Shirin shanya tun ran shuka a ke fara shi, a nan ne kuma mafi yawan manoma ke kuskure. Wahalar ita ce kuɓewa ta kan yi yawa daidai lokacin marka, sa'ad da rana ba ta da tabbas, iska kuma cike ta ke da laima. Wadda aka yanka a irin wannan lokaci, in ta kwana biyu ba ta ga rana sosai ba sai ta yi baƙi, ta yi funfuna, ta yi wari. Maganin wannan shi ne a raba shuka biyu. Ta fari a yi ta kaɗan da ruwan shuka, daidai abin da gida zai ci da wanda za a kai kasuwa tun kaya ba su yi yawa ba. Ta biyu, wadda ita ce babba, a jinkirta ta kamar mako uku, don ta zo da ƙarfinta a ƙarshen Satumba sa'ad da ruwa ke janyewa, rana ta fara zafi. Amma fa a lura, ƙasar nan rairayi ce, ba ta riƙe laima. Shuka ta biyu ba ta jigawa ba ce. A nema mata kwari, ko bayan gida inda taki ya zauna, in ba haka ba ruwa zai ɗauke ya bar ta da fure. Wanda ba shi da irin wannan wuri gara ya rage jinkirin zuwa kwana goma.

Wajen ɗiba, a ɗebi ƙanana masu taushi, waɗanda in an lanƙwasa bakinsu sai ya karye. Akwai masu kai kyawawa kasuwa su dawo su yanka ƙosassu da waɗanda suka yi kwantai don shanya. Wannan ɓarnar aiki ce. Abin da ya shiga shanya da muni, da muni zai fito, matan da ke saye kuwa sun san ta da gani: garinta fari-fari, cike da ƙwaya da zare, ba yauƙi. A ɗiba da safe bayan raɓa ta bushe, a yanka a ranar. In da ƙasa a jikinta a goge da tsumma, ko a wanke ta tun ba a yanka ba a bari ta tsane, gama in ruwa ya taɓa yankakkiya yauƙi ya tashi, bushewa ta yi wuya. A yanka siriri, kauri ɗaya, kada wani ya bushe wani yana ɗanye.

Sa'an nan wurin shanya. Ko wane matafiyi ya san yadda a ke baza kaya a gefen kwalta, ƙura na sauka, awaki na bi ta kai, kaji na tono. Mai yin haka yana ganin ya huta, amma yashin da ya shiga ciki sai ya fito a bakin mai ci, kuma shi ya sa mai saye ke rage kuɗi. Ba abin wuya ba ne a kafa sanduna huɗu a tsakar gida daidai ƙugu, a ɗora kara, a shimfiɗa asabari ko tabarma. Iska za ta bi ta ƙasa da bisa, kaya su bushe da sauri fiye da na ƙasa. A baza sama-sama, kada wani ya hau wani, a juya sau biyu ko uku a yini. Tsohon gidan sauro da aka wanke ya isa ya kare ƙuda. Kafin magariba a kwashe a shigar ɗaki, don raɓar dare ɗaya tana iya mai da aikin yini baya. In hadari ya taso, tabarma ta fi ƙasa sauƙin naɗewa. In rana ta yi kyau kwana uku zuwa biyar sun isa. Alamar bushewa ita ce a matsa ta karye ƙaras. In ta lanƙwasa, da saura.

Ajiya kuma ita ce rabin aikin. A bari ta huce, a zuba a randa mai murfi a liƙe baki, ko a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba, ko a buhu mai leda a ciki irin wanda a ke ajiye wake. A ɗora bisa itace, kada a ajiye a ƙasa, sabo da gara da laima. Kada ko kusa a zuba mata maganin ƙwari, wannan abin miya ne. Bayan mako biyu a buɗe a duba, in an ga ta yi laushi a sake ba ta rana yini ɗaya. Kada kuma a daka ta sai za a yi amfani da ita ko za a sayar, don gari ya fi saurin shan iska ya rasa yauƙinsa. Har wa yau mai saye ya fi amincewa da wadda ya ke gani ƙwaya-ƙwaya, tun da ba a iya yi mata gauraye.

Kabewa ita tata da sauƙi, gama Allah ya yi ta da rumbunta a jikinta. Laifin da a ke yi mata shi ne gaggawa. A bar ta ta ƙosa a yaɗo, har bayanta ya yi tauri farce ba ya shiga. A yanke ta da guntun yaɗo a kanta, kada a fizge, kada kuma a ɗauke ta da guntun nan, don in ya cire ta nan ruɓa ke shiga. Kada a jefa ta cikin amalanke kamar dutse. A ba ta 'yan kwanaki ta sha iska, sa'an nan a jera a inuwa bisa kara, ba mai taɓa wata. Mai lafiya ta kan yi wata uku ko fiye. Wadda ta sami rauni a fara ci da ita, ko a fere ta, a yanka sala-sala a shanya, ta yi miyar taushe a rani. 'Ya'yanta ma ba abin zubarwa ba ne. Ganye kuwa, irin su yakuwa da rama da lalo da zogale, a inuwa a ke shanya su inda iska ke wucewa. Rana tana ƙone launinsu, ta kuma rage amfaninsu a jiki. Tumatir ya fi duka ruwa, kauɗarsa ba ta kyau sai iskar hunturu ta sauko.

Akwai kuma wata dabara ta 'yan kwanaki, wadda a jihar nan aka raya ta. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ya yaɗa randa cikin randa: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kaya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ruwan da ke fita ta jikin babbar randa shi ke janye zafi. Kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan a 2000, an kuma ba da labari cewa yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kan kai kwana 27 a ciki. Dabara ce mai kyau, maginan tukwane kuma suna ko'ina. Sai dai a san iyakarta. Busasshiyar iska ta ke so, sabo da haka a cikin marka ba ta sanyi sosai, kuma randa ba ta ɗaukar amfanin gona guda. Ta mai sayar da kashi-kashi ce, da uwargida, da mai lambun rani.

Yanzu manomi zai ce duk an ji, amma a Satumba aljihu wayam ne: gero bai shigo ba, ga bashin taki, ga yara za su koma makaranta. Wannan magana ce mai nauyi, wanda bai taɓa rasa kuɗin cefane ba kada ya raina ta. Ba a ce kada a sayar ba. Abin da a ke cewa shi ne kada a kai duka. Ɗibar Laraba da ta safiyar Alhamis ita ce ta kasuwa, tana sabuwa, tana da kyan gani. Ɗibar Asabar da ta Litinin, wadda in an ajiye ta jiran Alhamis za ta yi baƙi ta ja wa sauran faɗuwa, ita ce ta wuƙa da tabarma. Buhu ɗaya mai kyau sau da yawa kuɗinsa bai yi nisa da na buhu biyu gauraye ba, ga ragin kuɗin mota. In kuma mutanen ƙauye ɗaya suka yi haka tare, abin da ke isa kasuwa ya ragu, dillali ma sai ya sake murya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, galibi kuɓewar gefen gona da ta bayan gida ta mata ce, su ke yanka, su ke shanya, su ke ajiya. Da ita a ke zubin adashi, da ita a ke tara kwanon 'ya mace. Maigidan da ya kwashe ya kai kasuwa ɗanya don ya sami na hannu, ya cinye ribar iyalinsa ta bazara, kuma shi ne zai ba da kuɗin sayen busasshiya a Mayu. Wanda ke da hankali shi zai sare sanduna ya kafa mata gadon shanya, ya sayo wuƙa mai kaifi, ya sa yara maza su taya yanka da dare.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai ƙofa a buɗe. Masu sayen riɗi da soɓorodo su ajiye suna da yawa, har suna tsere. Masu sayen busasshiyar kuɓewa mai tsabta su biya ta kuɗin tsabtarta ba su da yawa. Ran da mai saye ya fara bambanta ta gado da ta kwalta a wajen kuɗi, ran nan shanyar gefen hanya za ta fara ƙarewa, ba sai malamin gona ya yi ta magana ba. Ma'aikaci mai albashi shi ma, maimakon ya yi ta kukan tsadar cefane a bazara, ya sayi kwando biyu da la'asar ran Alhamis ya kai gida a yanka. Ya taimaki manomi, ya taimaki kansa.

Abin da ya riga ya ƙosa kafin a ankara, a yayyanka wa tumaki da awakin da a ke kiwo, tare da ɓawon kabewa. Sa'an nan tun ɗiba na tsaka a zaɓi gindi biyar ko shida waɗanda suka fi saurin yi da yawan 'ya'ya, a ɗaura musu tsumma don yara su gane, a daina taɓa su. In 'ya'yansu sun bushe a jiki har sun fara tsagewa, a yanke, a ɗaure, a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke kai wa. Shi ne irin baɗi.